Malamin C.R.K. Ba Ɗan Cike Gurbi Ba Ne



Maganata a yau a kan darasin Addinin Kirista ce, wato C.R.K., da waɗanda ake danƙa wa shi. A zamanin 'yan mishan ba aji kaɗai ke rainon bangaskiyar yaro ba. Akwai sujadar safe, ga malamai zaune tare da ɗalibai dare da rana. Da gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun a 1972, St. John's ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta nan Kakuri ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, sai yawancin nauyin ya koma wuyan malami guda da allinsa.

To, wa ake ba wannan kaya? Sau da yawa duk wanda aka ga yana zuwa coci, ko da tarihi ya karanta. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda ake cike gurbi a takarda.

Mun ga malamai iri biyu. Wani ya cika allo, mu kwafa, mu haddace sarakunan Isra'ila, mu juye wa WAEC, shi ke nan. Wani kuwa ya karanta misalin Basamariye a Luka sura 10, ya rufe littafi, ya tambaye mu: da a kan gadar Kogin Kaduna mutumin ya faɗi, wa zai tsaya? Ya yi shiru, ya bar mu da gardama. Tambayar ba wasa ba ce a garin nan. Bayan rikicin 2000 da na 2002 jama'a sun rarrabu, Kirista da yawa suka dawo Narayi da Sabon Tasha, Musulmi suka haura Tudun Wada da Rigasa. Yaro na iya gama sakandare bai taɓa cin tuwon sallah a gidan maƙwabci ba. Wanene maƙwabci, a bakin malami zai ji.

Iya tambaya, da haƙurin sauraron yaro mai shakka ba tare da ɗauko bulala ba, sana'a ce, koyonta ake yi a wurare irin su Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Don haka ina roƙon ƙungiya, kafin mu sake yi wa ƙofar makaranta fenti, mu ɗauki nauyin ƙaro ilimin malaman darasin nan, mu kuma sayi Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Turanci don kowane aji. Ma'aji na nan da takarda a bakin ƙofa.