Mai gina gidan wani, shi yana haya

Jama'ar Ƙonni, Madarunfa da Ɗan Isa,

Yau maganarmu a kan shugabannin aikin gini ce, waɗanda kuke kira shef shantiye. Shi ne mai fara isa wurin aiki, shi ne mai tashi a ƙarshe. Shi ke auna fili, ya ƙirga buhun siminti, ya sallami magina da leburori. In bango ya tsage, wuyansa za a kama.

To, ku tambaye shi abin da ke saura a aljihunsa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta 2019, kasuwancin Ilela da Jibiya ya tsaya, masu gidaje da yawa suka dakatar da gini. Hatsi ya hau, haya ta hau, ladansa bai motsa ba. Daga 2012 har zuwa 2020, albashi mafi ƙanƙanta a Nijar ya tsaya a sefa 30,047. In dan kwangila bai karɓi kuɗinsa daga gwamnati ba, leburori ƙofar shef suke zuwa da magariba, ya ci bashi ya ba su na cefane.

Masana'antar siminti tana nan Malbaza, kusa da ku. Me ya sa har yau gina ɗaki guda ke gagarar magini?

Alƙawarinmu uku ne: mu biya bashin kwangila a kan lokaci, mu ƙara albashi, mu wajabta rubutacciyar yarjejeniya a kowane aikin gwamnati.

Ranar 27 ga Disamba 2020, ku fito da katin zaɓenku. Allah ya ba mu sa'a.