Haƙƙin Ɗan da Ke Ciki: Jawabi ga Iyalan Sabo



Yau maganar haƙƙin wanda bai iso duniya ba muka zo da ita. Mukan ce giya ba ta shiga gidajenmu. To amma agbo da matanmu ke saye a tasha don ciwon baya, sau da yawa a ogogoro ake jiƙa shi. Abin da uwa ta sha yana bi ta cibiya ya isa ga ɗan tayi. Barasa kan jawo ɓari, ko ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro har abada, shi ya sa likitoci suka ce mai ciki ta guje ta ɗungurungum.

Haka tiramol, da maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta haramta a 2018. Jaririn mai shan su kan zo da karkarwa da kuka ba tsayawa.

Wadda ta saba da su, kada ta daina farat ɗaya, ta faɗa wa likita tukuna. Mu kuma mu rufa mata asiri. A wurin awo, haƙƙinta ne a yi mata bayani har ta gane. In Yarbanci ko Turanci ya gagara, maigida ya raka ta.

Allah Ya sauke su lafiya.