Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Sababbin Direbobi

 

Shugaban taro, ranka ya daɗe. Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Wakilin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Malaman wannan makaranta. Iyaye maza da mata. Da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, barkanmu da wannan rana.

'Ya'yana, kun ci jarrabawar malamanku, na taya ku murna. Saura wadda mai keke zai yi muku. Shi ne manomin da ya ɗauro kayan gwari tun asuba, shi ne ɗalibin da ya goyo ƙanensa zuwa makaranta. Ku kuna cikin ƙarfe, ga bel a ƙirji. Shi kuwa rigar jikinsa ce kawai tsakaninsa da kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa haɗarin hanya na cin rayuka kusan miliyan 1.19 duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Da rarrafe yaro kan tashi. Ƙasar Niyu Zilan ta mai da wannan hikima doka a 1987, inda ta raba lasisin sabon direba hawa uku. Da farko ba ka tuƙi sai da gogagge a gefenka. A hawa na biyu kana iya fita kai kaɗai, amma ban da tsakanin ƙarfe 10 na dare da 5 na asuba, kuma ban da kwasar abokai. Sai ka daɗe a haka kafin a ba ka cikakken lasisi. Lardin Ontariyo na Kanada ya bi sahu a 1994. Dalilin a fili yake: hannu na saurin sabawa da sitiyari, amma ido kan jima kafin ya iya hango haɗari tun bai iso ba, ga dare da surutun abokai suna raba wa sabon shiga hankali.

Don haka ina roƙonku ku ɗora wa kanku waɗannan hawa, ko ba jami'in da ya tsare ku. A watanninku na farko ku bar tuƙin dare, ku bar cika mota da sa'anninku, ku nemi babba ya riƙa zama kusa da ku.

Idan kun zo wuce mai keke, ku rage gudu, ku bar masa fili. Dokar hanya ta Birtaniya tun 2022 ta ce aƙalla mita ɗaya da rabi, mu kuwa da ramukan titunanmu ai mai keke ya fi buƙatar haka, domin yana iya kauce wa rami ba shiri. Kada ku danna masa ham a kunne ya firgita. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Duba waya na daƙiƙa biyu tafiyar mita 28 ce ido rufe. In kun faka, ku buɗe ƙofa da hannun dama, yadda ake yi a Holan, domin jikinku ya juya ku ga mai tahowa daga baya.

Iyaye, kada ku miƙa makulli yau ku kau da kai. Ku zauna a gaban mota tare da su. Hukumomi kuma, muna roƙon a keɓe wa masu keke layinsu a manyan titunanmu.

'Ya'yana, yawancinmu a kan keke muka fara sanin hanya, mun kuma san yadda gaba ke faɗuwa idan mota ta goge mu. Kada zaman kujerar direba ya mantar da ku wannan. Allah ya tsare ku, ya tsare mutane daga hannunku, ya kai kowa gida lafiya.