Gidan da ke Tafiya kan Taya

Masu sauraro na Maraɗi, Tibiri da Jiratawa.

Yau maganarmu kan mutumin da motarsa ce ɗakinsa.

A ƙasashen Turai akwai motar da ake ƙerawa da gado da murhu a ciki. Mutum ɗaya ya shiga, ya yi watanni yana yawon ƙasashe. Manyanmu sun ga irin waɗannan matafiya. A da, Turawa kan ratso Sahara ta Arlit da Agadas, wasu su sayar da Peugeot ɗinsu a nan, su koma gida.

To mu ma muna da namu. Direban kamyo. Shi neman abinci ya fitar da shi.

Da can, ya bar Maraɗi, ya bi Kwanni da Doso, ya ƙetare gadar Gaya zuwa Kwatano. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, hanya ta ƙara tsawo. Sai ta Burkina Faso zuwa Lome, a jerin gwano, da rakiyar sojoji. A jira kwana da kwanaki.

A mota yake kwana. A gindin mota yake salla. A nan yake dafa shayi. In yaron mota ya yi barci, daga shi sai tunanin iyali. Wani a waya ake gaya masa an yi masa haihuwa, har a yi suna bai dawo ba. Wannan ya fi tsaya mini a rai.

Masu motoci, ku riƙa biyan direbobi kuɗin hanya kafin su tashi. Maƙwabta, ku riƙa leƙa gidajensu.

Allah ya dawo mana da su lafiya. Sai wani jiƙon.