Matasa Masu Ɗauke Da Cutar HIV Da Hanyarsu Ta Zuwa Asibiti



A shekarar 1986 ne aka fara ba da rahoton cutar ƙanjamau a Nijeriya, ɗaya daga cikin waɗanda aka fara samu da ita kuwa yarinya ce 'yar shekara 13. Watau tun daga ranar farko matasa suna cikin wannan magana. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa mutum wajen miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma tun 2006 Gwamnatin Tarayya ta ce a riƙa ba da magani kyauta. To, in haka ne, me ke hana ɗan shekara 15 zuwa ya karɓa?

Mu fara da doka. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, saboda haka ma'aikacin asibiti yakan nemi yardar iyaye kafin ya gwada jininsa. Niyyar dai mai kyau ce. Amma ku duba yarinyar da take tsoron ta kamu, wadda ba abin da take gudu kamar mahaifinta ya ji labari. In aka ce sai ta zo da shi, ai an sallame ta ke nan. A Afirka ta Kudu, ɗan shekara 12 yana iya ba da yardarsa da bakinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da aka haifa da cutar. Ya tashi yana shan ƙwaya kullum, kakarsa ko gwaggonsa tana ce masa maganin ƙarin jini ne, domin faɗin gaskiya zai tona asirin mahaifiyarsa, wadda wataƙila ta riga mu gidan gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2011 a sanar da yaro halin da yake ciki tun yana ɗan firamare, sannu a hankali gwargwadon hankalinsa. A wurinmu kunya da tausayi sukan sa a yi ta jinkiri. Yaron nan ya kai shekara 14, yana jin kansa garau, sai ya ga ba dalilin shan magani, ya daina. Da zarar an yi wasa da shan maganin nan kuwa, ƙwayar cutar takan sake yawaita a jini, har ta saba da shi ya daina yi mata aiki.

Sa'an nan ga makarantar kwana. Ina ɗalibi zai ɓoye kwalbarsa a ɗakin da kowa ke ganin akwatin kowa? Ranar asibiti kuma ranar karatu ce, sai ya nemi izini, a tambaye shi dalili. Akwai dokar 2014 da ta hana tsangwamar masu cutar, amma doka ba ta shiga ɗakin kwana da dare.

Maganar kuɗin mota da na kati ba sai na tsawaita ba, kun san ta. Haka kuma amaryar da ba ta fita sai da izinin miji.

Jama'a, akwai abin koyi. A Zimbabwe, shirin Zvandiri yana horar da matasa masu cutar su zama masu bibiyar 'yan'uwansu, domin tsara ya fi jin maganar tsara. Ku ma'aikatan lafiya da na ilimi da ke zauren nan, ba ku bukatar sabon gini kafin ku ware wa matasa ranar Asabar a asibiti, ko ku amince wa malami guda a kowace makarantar kwana ya riƙa ajiye magani cikin sirri. Dakatar da tallafin ƙasashen waje da Amurka ta yi a Janairun 2025 ya sa tilas kasafin jihohinmu ya fara ɗaukar wannan nauyi, kuma a teburinku ake rubuta shi.