Abin da ido ba ya gani a cikin akushi

Masu sauraronmu na Mai Wurno da Sinnar da ƙauyukan Makwar, da na Madani da kewaye, har zuwa Sinja da Damazin, da 'yan uwa da ke kama mu daga tsallaken iyaka, barkanmu da warhaka.

Bari in fara da abin da ya same ni. Kwanakin baya na je walimar suna a wani ƙauye da ke bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma. Ba zan kama sunan ƙauyen ba. An ci an sha, kowa ya yi hamdala ya watse. Washegari mutane da yawa suka kwanta da ciwon ciki da gudawa, har da ni mai magana da ku. Nan take aka ɗora laifin kan nama, wasu kuma suka ce ai baki ne ya kama mai gidan. Da wata jami'ar lafiya ta zo, ba ta ɗauko wata na'ura ba. Gida gida ta bi da tambaya ɗaya: me ka ci, me ba ka ci ba? Sai ga shi waɗanda suka tsaya kan nama da kisra lafiyarsu ƙalau. Mu da muka kai hannu ga salata, mu ne a kwance. Ashe da ruwan tur'a aka ɗauraye jirjir da tumatir ɗin. Kuma wallahi a duk faifan babu abin da ya kai salatar nan kyan gani.

To, a nan gizo ke saƙar. Mun saba gane abincin da ya lalace da hanci ko da harshe: ya yi tsami, ya yi wari, ya yi yauƙi, sai a zubar. Amma ƙwayoyin cutar da ke kwantar da mutum, irin na kwalara da taifot da atini, yawanci ba sa sauya wa abinci ƙamshi ko ɗanɗano. Abinci zai iya zama fes a ido alhali yana ɗauke da su. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki suna rasa rai, kuma 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. In an kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin.

Yaya ake gano su ke nan? A ɗakin gwaje-gwaje ake ɗaukar ɗan bayan gidan mara lafiya, ko ragowar abinci, ko ruwa, a shafa a wani faranti mai abincin ƙwayoyin, a bar su su hayayyafa kwana ɗaya ko biyu har a gane irinsu. Akwai kuma gwajin gaggawa na kwalara, ɗan tsinke ne da ake tsomawa a samfurin bayan gida, cikin kamar minti 15 ya nuna alama, ko da yake sai an tabbatar a ɗakin gwaji. Sai dai mun san halin da ake ciki. Babban ɗakin gwajin ƙasa da ke Khartum, wanda aka fi sani da Istak, faɗa ya rutsa da shi tun watan Afrilun 2023. Kafin samfuri ya bar ƙauye ya dawo da amsa, mai kwanciya ya kwanta.

Saboda haka ganowar farko a hannunmu take, kuma irin ta jami'ar nan ce: lura da lissafi. In mutum biyu ko uku a gida ɗaya, ko waɗanda suka ci a taro ɗaya, suka kama gudawa a lokaci guda, musamman mai ruwa-ruwa kamar ruwan wankin shinkafa, a kai su asibiti a kuma sanar a ranar. A ware ragowar abincin a rufe, nesa da yara, ko ma'aikata za su buƙace shi. Na san abin da ke hana mu: kunya. Wa zai so a ce a gidansa aka ci abin da ya kwantar da gari? Amma ɓoyon kwana ɗaya ya ishi cutar ta tsallaka maƙwabta.

Mu dawo kan ruwa, don abinci ba ya rabuwa da shi. Tun da aka kammala madatsar Makwar a 1925, ruwan tur'a ne rayuwar Jazira. Da shi ake noman auduga da gyaɗa da alkama da kayan lambu. A cikinsa kuma dabbobi ke sha, yara ke wanka, ake wanki, in famfo ya tsaya daga nan ake ɗiba. An ayyana ɓarkewar kwalara a Gadarif a watan Satumban 2023, aka sake ayyana wata a ƙasar a watan Agustan 2024. Abin da ya faru a Kosti a Fabrairun 2025 kuwa bai kamata mu manta ba. Wutar lantarki ta ɗauke bayan an kai hari tashar da ke ba su wuta, injin tace ruwa ya tsaya, jama'a suka koma sayen ruwan kogi daga masu karon jaki. Cikin 'yan kwanaki asibiti ya cika ya batse. Hukuma ta hana ɗiban ruwa daga kogin, kasuwa da yawancin gidajen abinci suka rufe.

To, jama'a, in an rufe kasuwa wa ke fara jin jiki? Mu ne. Mai agashe namu ne, iyayenmu mata masu godo-godo da masu shayi namu ne. Mai sana'ar abinci da ya kiyaye tsafta, jarinsa yake karewa.

Ruwan sha da na wanke abin da za a ci ɗanye, hukuncinsu ɗaya. In ya yi laka a bari ya kwanta, a tace da tsaftataccen ƙyalle, sannan a tafasa ko a sa ƙwayar kulorin. Tacewa kaɗai ba ta isa ba. Ƙwayoyin kulorin girmansu ya bambanta, don haka a bi adadin litar da aka rubuta a jikin takardar, a jira rabin awa kafin a sha. In kun ga ma'aikatan lafiya sun jefa wata 'yar ƙwaya a ruwan jarka ya koma ruwan hoda, gwaji suke yi, alamar akwai sauran kulorin ke nan. Sannan randa, wadda muke ce wa zir: an gyara ruwa tsaf, sai kowa ya zo ya tsoma moɗa har da yatsunsa. A samo moɗa mai dogon mariƙi, a rataye ta, a rufe bakin randar.

Baba mai agashe, da kai nake yanzu. Wutarka ba ta da laifi, naman da ya gasu har ciki ƙwayoyin sun mutu. Matsalar tana wuƙa da katako. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ita ce ke yanka gasasshe, ita ce ke yanka albasa. Ka ware wuƙa biyu da katako biyu, ka ajiye buta da sabulu kusa, hannun da ya karɓi kuɗi kada ya wuce kai tsaye kan nama. Wanda ya huce a mayar da shi wuta ya yi zafi sosai kafin a miƙa wa mai saye.

Sai marara. Na san zan taɓo wa wasu inda yake musu ƙaiƙayi, don safiyar layya ba ta cika wa wasu sai da ɗanyar hanta da huhu da albasa da shatta. Ana cewa lemon tsami da barkono suna kashe komai. Lemon yana rage ƙarfin wasu ƙwayoyin, gaskiya ne, amma ba ya yin aikin wuta. Ni dai na bar ta. Wanda bai iya bari ba, don Allah kada ya ba yara da masu juna biyu da tsofaffi. Haka madarar da aka tatso: a tafasa kafin a sha ko a yi nono da ita, don ta ɗanyar madara zazzaɓin nan da ake ce wa maltiyya yake shiga, mai tafiya ya dawo ya yi ta cin mutum wata da watanni.

Dafaffen abinci kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. Da zafin ƙasarmu, shinkafar da aka sauke da hantsi aka rufe sai la'asar ta zama gonar ƙwayoyin cuta. In za a ci ragowa a ɗumama har tururi ya tashi ta ko'ina. Wasu za su ce ina firiji ina wuta? Akwai dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami ɗan Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, ta kuma iso Darfur. Tana ƙara wa tumatir da kuɓewa kwana, amma sanyinta bai kai ya tsare nama ko madara ba.

In kuma gudawar ta riga ta kama mutum, kada a jira. A haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In akwai na fakiti ya fi. A yi ta ba shi kaɗan kaɗan a kan hanyar asibiti, jariri kuma a ci gaba da shayar da shi.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu karanta saƙonnin masu sana'ar abinci da suka aiko mana, sai ku ci gaba da turowa. A huta lafiya.