Abin Da Muka Gani A Maƙabartar Sojojin Yaƙin Bama

Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa mazauna Sabo Ibadan, barkanmu da wannan zama.

An ce mu ɗan ba da labarin tafiyar da muka yi a 2019, mu uku abokan kasuwanci. Bayan mun gama sayayya a Singafo, sai muka shiga jirgin ruwa irin na 'yan yawon buɗe ido, wanda ke tsayawa gari-gari. Da ya tsaya a tashar Tilawa, kusa da Rangun wadda yanzu ake kira Yangon, akasarin fasinjoji suka tafi kallon babban ɗakin ibadar nan mai rufin zinariya. Mu kuwa muka yi shatar mota zuwa Taukkyan, can arewa da birnin.

Dalili shi ne, ɗaya daga cikinmu yana da baffa, wan mahaifinsa, da aka ɗauka soja lokacin yaƙin Hitila, bai dawo ba. Kakarsu har ta koma ga Allah ba ta yarda an raba kayansa ba.

Wurin tsaf-tsaf, ciyawa a gyare kamar an shimfiɗa darduma. Akwai kaburbura 6,374 na yaƙin duniya na biyu. A tsakiya kuma ga dogayen ginshiƙai da aka ƙaddamar a 1958, ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san inda aka binne su ba. Da muka kai ɓangaren sojojin Afirka ta Yamma, wallahi jikinmu ya yi sanyi. Sunaye ne na gida zalla: wane Kano, wane Sakkwato, wane Zariya, wane Bauci. Ashe a lokacin Bature kan rubuta sunan mutum ne ya haɗa da na garinsu, shi ke nan. To, nan fa muka tsaya cak. Mun sami mutum uku masu sunan baffan nan da sunan garinsu, ba mu da lambarsa ta soja, babu yadda za a yi a ce wannan ne. Abokin namu ya zauna ƙasa yana hawaye. Muka yi wa duka ukun addu'a, muka haɗa da sauran.

Abu ɗaya bai yi mana daɗi ba. An sassaƙa kalmomin girmamawa da Turanci da harshen Bama da harsunan Indiya, amma babu Hausa, alhali da Hausa yawancin sojojin Nijeriya ke magana a bariki da bakin daga. Runduna biyu ce fa aka kwasa daga wannan yanki, ta 81 da ta 82, suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da dazuzzukan Arakan a 1944 da 1945.

Kuma jama'a, ga abin kunya a kanmu. Barikin Letmauck da ke nan Mokola, wanda muke wucewa kullum in za mu kasuwa, sunan wani wuri ne a Bama. Haka Arakan da Myohaung a Legas. Mu kanmu sai a can muka gane.

Tun juyin mulkin soja na 2021 ƙasar ta faɗa rikici, zuwa can ya yi wuya. Amma hukumar da ke kula da kaburburan tana da sunayen a intanet. Saboda haka duk gidan da ke da tsohon da ya tafi Bama, a duba adaka da tsofaffin akwatuna. In an sami lambar soja, ko takardar sallama, ko lambar yabo, a kawo wa sakatare kafin taron wata mai zuwa. Yaranmu 'yan makaranta za su duba mana. Abokin namu ya riga ya aika gida a bincika kayan kakarsu.